Robbie Williams: tambayoyin da ake yawan yi kan mawaƙin da Ingila ke ji da shi, Amurka kuma ko oho

Ranar 14 ga Yuni 2018, jajibirin ƙaramar sallah, muna zaune a gidan kallo da yamma baki duk ya bushe da azumi muna jiran wasan buɗe gasar kofin duniya tsakanin Rasha da Saudiyya, sai ga wani bature cikin jar kwat mai zanen damisa ya fito tsakiyar fili a Mosko yana waƙa yana tsalle kamar filin na gidansu ne. Wani a bencin gabana ya ce "wannan kuma wane ne?", na kusa da shi ya amsa masa da cewa ai ɗan fim ɗin barkwancin nan ne na Amurka, nan fa gardama ta kaure har aka take wasa ba a daidaita ba. Tun ranar duk wanda ya san ina sauraron mutumin nan, wato Robbie Williams, sai ya jefo min tambaya, kuma tambayoyin kusan iri ɗaya ne, da fim ɗin rayuwarsa da aka nuna shi a siffar biri ya fito kuwa sai suka ƙaru. Shi ya sa na tattara su wuri guda.

Wane ne Robbie Williams ɗin?

Mawaƙi ne ɗan Ingila, an haife shi ranar 13 ga Fabrairu 1974 a Stoke-on-Trent, garin da aka sani da masana'antun tangaran. Ba ɗan masu kuɗi ba ne, babansa mai barkwanci da waƙa ne a ƙananan gidajen shaƙatawa, iyayen sun rabu yana ƙarami sai ya tashi a hannun mahaifiyarsa. Makaranta ba ta karɓe shi ba, ya gama sakandare bai ci jarrabawa ba har ya ɗan taɓa tallan tagogin gilashi. Yana shekara 16, a 1990, aka ɗauke shi cikin ƙungiyar samarin mawaƙa mai suna Take That, shi ne autansu. Daga 1996 ya fara waƙa shi kaɗai, kuma har yau bai ajiye makirfo ba.

Ba shi ne ɗan wasan barkwancin da ya rasu ba?

A'a, wancan Robin Williams ne, ɗan fim ɗin Amurka da ya rasu a watan Agusta 2014. Sunan ne kawai ya zo kusa, babu dangin iya babu na baba. Kuma ba mu kaɗai ke wannan ruɗewar ba, Amurkawa ma da yawa in ka ce Robbie sai su zaci Robin kake nufi, dalilin haka yana can ƙasa a tambayar Amurka.

Mece ce Take That, kuma me ya fitar da shi daga cikinta?

Ƙungiya ce ta samari biyar da wani manaja, Nigel Martin-Smith, ya haɗa a Manchester: Gary Barlow, Mark Owen, Howard Donald, Jason Orange da Robbie. An gina ta ne a kan Gary saboda shi ke rubuta waƙa yana kuma kaɗa fiyano, sauran aikinsu rawa da amshi, Robbie kuwa shi ne mai tsokana da ba'a a cikinsu. A farkon shekarun 1990 babu ƙungiyar da 'yan matan Birtaniya suka haukace a kanta kamar wannan, har da Take That ta sanar da watsewarta a Fabrairun 1996 sai da aka buɗe layukan waya na musamman don lallashin yaran da hankalinsu ya tashi.

Shi Robbie ya riga ya fita tun Yulin 1995. Abubuwa ne suka taru: ya gaji da zama ɗan amshi, yana ganin Gary ya mamaye komai, ga dokokin manaja masu tsauri, ga shaye-shaye da ya fara yi masa yawa. A bazarar shekarar aka gan shi a bikin waƙa na Glastonbury ya rina gashi fari yana yawo da 'yan ƙungiyar mawaƙa ta Oasis, waɗanda su salonsu na gita ne da rashin kunya, wato dai ya nuna wa duniya ya gaji da rigar yaron kirki. Bai jima da dawowa ba sauran suka ce in zai tafi gara ya tafi yanzu kafin a fara rangadi, ya kama hanya yana shekara 21.

Da ya fita nan take ya yi suna shi kaɗai?

Ina fa. Wannan ne wurin da labarin ya fi taɓa ni. Kowa a lokacin ya sa kuɗinsa a kan Gary, jaridu suna yi wa Robbie kallon wanda ya ƙare, ya yi ƙiba, kullum a buge, ɗaya daga cikin 'yan Oasis ɗin da yake bi ma ya kira shi ɗan rawan Take That mai ƙiba. Albam ɗinsa na farko, Life thru a Lens, ya fito a 1997 kasuwa ta ƙi, har ana raɗe-raɗin kamfani zai sallame shi.

Sai a Disambar 1997 aka saki Angels, waƙar da ya yi tare da Guy Chambers, mutumin da ya zama abokin rubutunsa na shekaru. Waƙa ɗaya ta juya komai, albam ɗin da ya kwanta ya miƙe har ya kai na ɗaya. Abin mamaki ita kanta Angels ba ta taɓa zama ta ɗaya a jadawalin Birtaniya ba, ta huɗu ta tsaya, amma yau a Ingila ana saka ta a biki ana saka ta a jana'iza, kuma in ya hau dandamali ba ya ma wahalar da kansa, makirfo yake miƙa wa jama'a su rera masa ita daga farko har ƙarshe. A 2005 masu kaɗa ƙuri'a a kyautar waƙa ta Brit suka zaɓe ta a matsayin waƙar Birtaniya da ta fi kowace a shekaru 25.

Wai da gaske ya kai yadda ake zuzuta shi a Ingila, ko ƙari ne?

Babu ƙari wallahi. A 2002 ya sa hannu a kwantiragi da kamfanin EMI na fam miliyan 80, a lokacin ba a taɓa ba wani mawaƙin Birtaniya irin wannan kuɗi ba. A farkon Agusta 2003 ya yi wasa dare uku a jere a Knebworth, wani makeken fili a arewa da Landan, mutum dubu 125 kowane dare, jimilla dubu 375, ka tuna Oasis da suka yi masa ba'a dare biyu suka yi a wannan filin a 1996. Da aka buɗe sayar da tikitin rangadinsa na 2006, tikiti miliyan 1.6 aka sayar a rana ɗaya, ya shiga kundin Guinness da wannan, kuma tarihin ya zauna har sai da Taylor Swift ta zo ta karya shi a 2022.

Kyautar Brit, wadda ita ce babbar kyautar waƙa a Birtaniya, yana da guda 18, 13 shi kaɗai 5 tare da Take That, babu wanda ya kamo shi. A 2022 albam ɗinsa na 14 ya hau na ɗaya a ƙasar, ya wuce Elvis Presley a tsakanin mawaƙan da ke waƙa su kaɗai, a farkon 2025 kuma ya yi na 15 ya kamo The Beatles. Duk wanda ya san matsayin Beatles a wurin turawan Ingila ya san ba ƙaramar magana ba ce wannan.

To in haka ne me ya sa Amurkawa ba su san shi ba?

Wannan ce tambayar da ta fi kowace dawowa, kuma amsarta ba ɗaya ba ce. Na farko, Take That ɗin ma ba ta yi suna a Amurka ba, waƙarsu ɗaya ce tal, Back for Good, ta shiga goman farko a can a 1995, lokacin ma shi ya riga ya fita. A Ingila mutane sun ga tashinsa tun yana yaro, sun ga faɗuwarsa, sun ga dawowarsa, labarin ne ya sa suke jin sa kamar ɗan gida, yawancin waƙoƙinsa ma a kan wannan labarin suke. Ba'amurke da bai san farkon labari ba sai kawai ya ga wani bature yana cika baki bai san dalili ba.

Na biyu lokacin da ya je. A 1999 ne ya nufi Amurka da gaske, shekarar da Britney Spears, Backstreet Boys, NSYNC da Ricky Martin suka cika kasuwa maƙil, ga Eminem yana tasowa ta ɗaya gefen. Gidajen rediyon Amurka kuma kowanne da layinsa, wannan na matasa, wannan na masu gita, wannan na manya, shi kuwa Robbie bai zauna a layi ɗaya ba, ya girme wa tashar yara, masu gita kuma suna ganin ai tsohon ɗan rawa ne. Na uku halinsa. Barkwancinsa na 'yan Ingila ne, yanzu zai ce ya fi kowa anjima ya zagi kansa, 'yan ƙasarsa sun gane wasa yake, a can kuwa abin bai shiga ba.

Na huɗu, wanda ni a ganina ya fi nauyi, Amurka ƙasa ce da in kana son ta sai ka ba ta shekara biyu ko uku kana bin gari gari, tasha tasha, kana gaisawa da masu gabatar da shiri kana waƙa a ƙananan ɗakuna. Mutumin da ke cika filin ƙwallo a Turai a ce ya koma yana waƙa gaban mutum ɗari biyar, ga shi lafiyar ƙwaƙwalwarsa ba ta zauna ba, bai jure ba.

Amma ko kaɗan bai samu komai ba a can?

Ya ɗan samu. An tattara zaɓaɓɓun waƙoƙin albam biyu na farko aka fitar wa Amurka da sunan The Ego Has Landed a 1999, ya tsaya a na 63 a Billboard, jadawalin waƙa na Amurka, daga baya ya sayar da kwafi dubu 500. Millennium ta kai ta 72, Angels ta kai ta 53, babu wadda ta shiga arba'in na farko. Escapology, albam ɗin da ya girgiza Turai, a na 43 ya tsaya. Amurkawa da yawa ma ta bakin Jessica Simpson suka san Angels, da ta sake rera ta a 2004. Sannan duk wanda ya kalli katun ɗin kifin nan Finding Nemo har ƙarshe ya ji muryar Robbie ko bai sani ba, shi ke waƙa lokacin da sunaye ke wucewa. A 2019 ya yi jerin wasanni a Las Vegas.

Wannan rashin sunan ya dame shi?

Da farko ya so abin, babu mawaƙin Ingila da ba ya mafarkin Amurka. Amma daga baya shi da bakinsa ya sha faɗa cewa rashin sanin da aka yi masa a can ne ya ba shi wurin numfashi. A Landan ba ya iya fita sayen burodi masu kyamara ba su bi shi ba, sai ya tattara ya koma Los Angeles a farkon shekarun 2000, inda zai shiga shago ya fito babu mai ɗaga kai. A can ya haɗu da matarsa Ayda Field, 'yar fim Ba'amurkiya, suka yi aure a 2010, 'ya'yansu huɗu.

Kuma ku duba halin da yake ciki a lokacin. A rangadin 2006 ɗin nan da ya kafa tarihi, fargaba ta kama shi a kan dandamali a Leeds gaban dubban mutane, a Fabrairun 2007 ranar da ya cika 33 ya shiga asibitin masu fama da shan ƙwayoyi, ya yi kusan shekara uku ba a jin ɗuriyarsa sosai. Ya yi bayanin wannan dalla dalla a shirin Netflix mai kashi huɗu na 2023. Ni na yarda da shi, da Amurka ma ta ɗauke shi irin ɗaukar da Ingila ta yi masa, da ina zai gudu?

Banda Ingila ina kuma yake da jama'a?

Jamus ce ta biyu, can kam kamar ɗan ƙasa yake. Sai Holand, Ostiriya, Suwizalan, Italiya, Ireland, Ostireliya da New Zealand, har Latin Amurka irin su Ajantina da Meziko yana cika filaye. A 2022 shi ya yi waƙa a wasan ƙarshe na ƙwallon gargajiyar Ostireliya a Melbourne. An ƙiyasta faifan da ya sayar a duniya sun haura miliyan 75, kuma kusan duka ba tare da kasuwar Amurka ba, wadda ita ce mafi girma a duniya. Shi ya sa nake jin haushi in na ga an rubuta a intanet wai "ba wanda ya san shi", alhali ƙasa ɗaya ake nufi.

Me ya sa aka mai da shi biri a fim ɗin rayuwarsa?

Fim ɗin Better Man ne, ya fito ƙarshen 2024, Michael Gracey ya ba da umarni. Kowa a fim ɗin mutum ne sai shi Robbie, an yi shi da siffar biri da kwamfuta, wani ɗan wasa mai suna Jonno Davies ne ya yi motsin. Dalilin shi ne Robbie ya sha cewa yana jin kansa kamar birin da ake ja a kawo shi gaban jama'a ya yi rawa, mai fim ɗin ya ɗauki maganar yadda take. Masu sharhin fim sun yaba ƙwarai, har ya shiga takarar Oscar a ɓangaren fasahar hoto.

Kasuwa ce ta ƙi. An kashe kusan dala miliyan 110, abin da ya dawo daga sinimomin duniya bai wuce miliyan 20 da 'yan kai ba, a Amurka kuwa ya faɗi warwas, kuma a nan ne gardamar "wai wane ne wannan" ta ɓarke tsakanin 'yan Ingila da Amurkawa. Sai dai gaskiya ko a Ingila ma bai yi kasuwar da aka zata ba, don haka ba za a ɗora wa Amurka laifin duka ba.

Shi da Gary Barlow wa ya ci, kuma sun shirya?

A zagayen farko Robbie ne, nesa ba kusa ba. Albam ɗin Gary na biyu bai yi kasuwa ba kamfani ya sallame shi, ya shige gida shekaru, Robbie kuma bai kyauta ba a lokacin, yana ta yi masa habaici a waƙa da kan dandamali alhali mutumin yana ƙasa. Sai duniya ta juya, Take That ta dawo su huɗu a 2005 zuwa 2006 ta yi kasuwa sosai daidai lokacin da albam ɗin Robbie mai suna Rudebox ya sha suka. Daga baya suka zauna suka wanke juna, a 2010 ya koma ƙungiyar suka fitar da albam mai suna Progress, wanda ya sayar da sama da kwafi dubu 500 a makon farko, a 2011 suka cika Wembley dare takwas. Bayan nan ya sake komawa harkarsa shi kaɗai amma ba da faɗa ba.

In aka haɗa shi da Adele, Ed Sheeran ko Harry Styles fa?

A faɗin duniya sun fi shi, ba sai an ja ba, saboda su Amurka ta karɓe su. Albam ɗin Adele mai suna 25 ya sayar da kwafi miliyan 3.38 a mako ɗaya a Amurka kaɗai a 2015, Harry Styles, wanda shi ma daga ƙungiyar samari ya fito, ya ci Grammy na albam ɗin shekara a 2023, Robbie kuwa bai taɓa cin Grammy ba. Amma a cikin Birtaniya, wajen yawan albam na ɗaya da kyautar Brit, yana gabansu duka, lissafin yana sama a tambayar zuzutawa.

Mu nan an fi sanin Ed Sheeran, kuma dalilin a bayyane yake, ya yi waƙa da Fireboy DML da Burna Boy, ya kuma zo a zamanin waya da YouTube. Ganiyar Robbie daga 1998 zuwa 2006 ce, zamanin kaset da faifan CD, lokacin kuma waƙar turanci da ke iso mana yawanci ta Amurka ce, shi ya sa duk wanda Amurka ba ta ɗaga ba da wuya ya iso kunnenmu.

Muryarsa ce ta kai shi nan ko me?

Muryar tana da daɗi amma ba ita ce babban makaminsa ba, ba za ka haɗa ta da ta Adele ko George Michael ba. Abin da Allah Ya ba shi shi ne riƙe taro. Ka kalli bidiyon Knebworth, yadda ya tsaya shiru yana kallon wannan tekun na mutane idonsa ya ciko, bayan minti kaɗan kuma ya sa su dariya, ya sa su tsalle, kai ka ce da kowane ɗaya yake magana. Sannan yana da baiwar rubuta baiti, yana faɗin tsoronsa da rauninsa ba kunya tun zamanin da mawaƙa maza ba sa yin haka. Ya kuma iya canza salo, a 2001 ya sa kwat ya rera tsofaffin waƙoƙin zamanin Frank Sinatra a Royal Albert Hall, waƙarsa da Nicole Kidman ta zama ta ɗaya a kirsimetin shekarar.

Me ya haɗa shi da ƙwallo har FIFA ke gayyatarsa?

Masoyin ƙwallo ne na gaske, ƙungiyarsa Port Vale ce, ƙaramar ƙungiyar garinsu, ba Stoke City ba. A 2006 shi da abokinsa Jonathan Wilkes suka ƙirƙiro Soccer Aid, wasan sada zumunta na tsofaffin 'yan ƙwallo da taurari da ake tara wa UNICEF kuɗi da shi. A bikin Mosko ɗin da na ambata a farko ya rera Angels tare da mawaƙiyar Rasha Aida Garifullina, sai dai daf da ƙarshe ya ɗaga wa kyamara yatsan tsakiya, wanda zagi ne a wurin turawa, ni ban ji daɗin wannan ba, taron da yara ke kallo a duk duniya ne. A Yulin 2025 ma ya yi waƙa kafin wasan ƙarshe na kofin ƙungiyoyin duniya da Chelsea ta ci PSG 3-0, kuma a New Jersey aka yi, cikin Amurka.

Da wace waƙa zan fara, kuma za a iya kallo da yara?

Fara da Angels, sai Feel, sai She's the One, waɗannan masu sanyi ne. In kana son ganin dalilin da ya sa ake kiransa gwanin dandamali nemi Let Me Entertain You ta Knebworth, da ita ya buɗe wasan. Maganar yara kuwa a yi hattara, bakinsa ba shi da linzami a kan dandamali, bidiyon Rock DJ har tashoshin turawa sai da suka yanke ƙarshensa saboda yana tuɓe kaya har ya kai ga fatar jikinsa, fim ɗin birin ma cike yake da shaye-shaye da ashar, na manya ne. Waƙoƙi ukun farko dai in sautin kawai za ka kunna a mota, babu abin da zai sa ka rage murya.